Azumin Mai Walda

Ƙarfe huɗu na yamma na cika Mai Walda yake kashe injinsa. Ko ƙofar wa ce a hannunsa, ko mai ita na tsaye a kansa yana huci, sai ya naɗe waya, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya sauya riga, ya kama hanyar asibiti. In ya isa ba ya wuce wani benci da ke baranda, taku tara ko goma daga ƙofar ɗakin yara. Nan zai zauna, hula a kan gwiwa, har a zo a sallami masu dubiya. Wata uku ke nan da 'yan kwanaki yana wannan zarya, kuma ko sau ɗaya bai sa ƙafa a cikin ɗakin ba.

'Yarsa ce a ciki. Shekarunta takwas, ita kaɗai Allah ya ba su, kuma tun tana koyon tafiya ya sa mata Balbela, don duk inda ya juya a shago tana bayansa da 'yan siraran ƙafafunta. Likitoci sun ce sankarar jini ce. Sun ce ana warkewa, sun kuma ce ba kowa ba. Likita dai ba ya ba ka magana guda ka riƙe. Maganin da suke ɗura mata kuwa, a ido ya fi ciwon mugunta. Ya zubar mata da gashi, ya cika mata baki da ƙuraje, kuma duk bayan 'yan makonni sai jininta ya yi ƙasa a nemi ƙari.

Ba likita ne ya hana shi shiga ba. Matarsa ce, kuma duk wanda ya san abin da ya faru ba zai ga laifinta ba.

Ranar da aka fara neman jini ta aika masa shago. A lokacin shekararsa goma sha biyar yana bautar kwalba, kuma labarin ciwon bai sa ya rage ba, sai ma ƙari, wai shi mai kashe baƙin ciki. Ya iso ɗakin ɗibar jini yana tangaɗi, yana naɗe hannun riga, yana cewa a kwashe duka. Sistar da ke wurin ko allura ba ta ɗauko ba, warin bakinsa ya ishe ta amsa. Da ta kore shi, maimakon ya je gida ya ɓoye kunyarsa, sai gogan naka ya faɗa ɗakin yara yana kwala wa Balbela kira. Ya ci karo da ƙarfen da aka rataya mata ruwa, ƙarfen ya kife, allurar ta fizge daga bayan hannunta, jini ya ɓata zanen gado. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ido kawai ta bi shi da shi, kuma wannan kallon ne har yau ya hana shi sakat. Matarsa ta rako shi baranda, ta ce masa a hankali, yadda na kusa ba za su ji ba, kada ya ƙara tsallake wannan ƙofa. Yayanta, wanda kowa ke kira Kawu, shi ya ba da jini a ranar.

Tun daga nan bai sake kai giya bakinsa ba. Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. A makon farko hannunsa rawa yake har ya kasa daidaita ƙarfe biyu, sai da ya ƙona yatsa. Ya koma coci, yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, wurin masu makara da masu goyo. Fasto ya zaunar da shi ya yi masa dogon bayani a kan gafara, ya ce Yesu ya riga ya gama aikin a kan gicciye, ba abin da ya rage wa mutum sai ya miƙa hannu ya karɓa. Mai Walda ya gyaɗa kai don ladabi, amma a ransa maganar ba ta zauna ba. Shi mai sana'a ne. Abin da ka karya da hannunka, kai za ka haɗa shi, kuma shi bai taɓa ganin ƙarfen da ya haɗa kansa ba.

Zaman bencin nan ya koya masa abubuwa. A cikin yara ashirin yana gane tarinta. Ya san ranar da ta ci abinci da ranar da ta ƙi, daga yadda matarsa ke riƙe da kwano in ta fito wankewa. In za ta wuce takan ce masa sannu, ya ce yaya mai jiki, ta ce da sauƙi, shi ke nan, zaman shekara goma ya koma gaisuwar maƙwabta. Wani lokaci in an buɗe ƙofa yakan hango ƙarshen gadon da tudun ƙafafunta a ƙarƙashin bargo, kafin ƙofar ta koma. Kanta ne bai gani ba. An ce ba gashi ko ɗaya, shi kuwa ya kasa kawo ta haka a ransa. In ya rufe ido da kitsonta yake ganinta, tana zaune a kan tsohuwar taya a bakin shago, ta rufe fuska da tafin hannu kamar yadda ya koya mata, tana satar kallon tartsatsi ta tsakanin yatsu. Kewarta yake ji kamar ƙishirwa. Da ya rasa abin yi, sai ya shiga kwasar karyayyun ƙarafan rataya ruwa na asibitin yana gyarawa kyauta, ko ɗaya daga ciki zai dace da gefen gadonta. Masu shara suka riƙa tara masa su a ƙarƙashin matakala.

Ran wata Litinin Kawu ya fito daga ɗakin, ya zube kusa da shi har bencin ya yi ƙara. Kawu mutum ne mai faɗin jiki da faɗin zuciya, aibinsa ɗaya, bakinsa ba shi da linzami. Ya ce likita ya ce ran Alhamis za a sake ƙara mata jini, kuma shi an ce ya huta, don ko wata bai cika ba da aka ɗebi nasa karo na biyu. Wai so ake a mayar da shi busasshen kifi. Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Mai Walda bai ji sauran surutun ba. Ga abin da ya yi wata uku yana jira ya zo. In aka rataya ledar jininsa a gefen gadon nan, jininsa ya shiga jikin 'yarsa, da wane baki za a ce masa kada ya tsallake ƙofa?

A hanyar gida ya riƙa duban jijiyoyin hannunsa, sai murnar ta fara yamutsewa. Giyar shekara goma sha biyar ta bi ta cikin waɗannan jijiyoyi. Wannan ne zai ɗura wa yarinyar da ko ruwan sha sai an tafasa mata? Nan fa ya yi lissafi irin na masu walda: ba a sa wuta a kan tsatsa. Sai ka kankare, ka goge har ƙarfe ya yi fari tas, sannan haɗi ya kama. Da ya isa ɗakinsa ya durƙusa a gaban gado, ya yi wa Ubangiji alkawarin azumin kwana uku, ba ci, ruwa ma sai kurɓi ɗaya da yamma, kuma ba zai buɗe baki ba sai ledar ta cika. Da ya tambayi ko mai gadin asibitin ne, da an gaya masa cewa mai ba da jini cika cikinsa yake yi. Amma wanda ya yi shawara da zuciyarsa ita kaɗai, duk abin da ta ce masa daidai ne.

Ran Talata da yamma Kawu ya fito da burodi da dafaffen ƙwai biyu, ya miƙa masa ɗaya. Mai Walda ya ce ya ƙoshi. Kawu ya ce yaushe mai walda ya taɓa ƙoshi? Ya dinga tonon sa, ko ciki ne, ko fushi ne, ko dai an koma gidan jiya ne, har dai don ya wanke kansa daga zargin na ƙarshe Mai Walda ya faɗa masa gaskiya. Ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Kawu ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai ji ba, ya cinye ƙwan duka biyu, ya koma ciki. Gara ka ba kwando ajiyar ruwa.

Laraba ce ta ba shi wuya. Zafin wuta daga gaba, zafin kwanon rufi daga sama, harshensa ya bushe ƙamas, in ya ɗago daga kan ƙarfe sai ya ga shagon yana juyawa. Amma rabon da ya ji daɗi irin na ranar har ya manta. Duk murɗawar da cikinsa ya yi sai ya ce a ransa, to, ga wata tsatsar ta fita. Da yamma ma bai iya zuwa asibiti ba, ya kwanta a ƙasan shago yana tsara abin da zai ce mata in ya shiga.

Da sassafen Alhamis ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya zama na farko a layin ɗakin ɗibar jini. Sistar nan ce dai ta wancan karo, kuma ba ta manta shi ba. Ta matso kusa da fuskarsa kamar mai gyara masa wuyan riga, ta shaƙa, ba ta ji komai ba sai sabulu. Ta ce madalla. Wannan kalma ɗaya ta kusa sa shi hawaye. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska, ta sake matsawa.

"Me ka ci da safen nan?"

"Ban ci komai ba, Sista," ya ce, har da ɗan murmushinsa. "Yau kwana uku ke nan. Azumi na yi, don jinin ya yi tsabta."

Ta ajiye biro.

"Wancan karon ka zo min a buge, yau ka zo min a bushe. Kai wai sai yaushe za ka zo min a mutum?"

Ta wanke shi tas. Ta ce giya ta daɗe da barin jininsa, ba sai ya kashe kansa da yunwa ba. Ta ce jininsa ya yi ƙasa yadda in ta ɗebi leda guda, shi za a kwantar a shiga nema wa jini, kuma ita ba ta da gadon ajiye ƙaton mutum mai taurin kai. Ya je ya ci, ya sha, ya dawo bayan mako guda. Ya shiga roƙonta da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba. Ya ce ko rabin leda ne, ko cikin kofi ne, yau ake bukata, yau ne ranar. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai ta sassauta. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, tun da asuba aka fitar da ledar Balbela daga firji, yanzu haka an kai ɗakin yara. Wanda dangi suke bayarwa ba shi ake sa wa mara lafiyarsu ba. Sai an gwada shi, a ajiye a madadin wanda aka ɗauka. Ko na Kawu ma jikin 'ya'yan wasu ya tafi.

"To na wane ne ake sa mata?"

"Lamba ce a jiki, ba suna. Wani ne dai ya zo ya kwanta a gadon nan, ya miƙa hannu, ya tashi ya yi tafiyarsa. Ko saninta bai yi ba."

Ya miƙe, ƙasa ta karkace, sai ga shi zaune daɓas a kan siminti. Sista ta haɗa masa shayi da sukari mai yawa, ya kau da kai, ya ce ya yi alkawari. Ta ce Allah ya shirye shi, ta kira na bayansa.

Da dafa bango ya kai kansa bencinsa. Bai taɓa zama a nan da hantsi ba, ga mutane ana ta kai da kawowa, ba wanda ya san ya kankare kansa kwana uku a banza. Ashe ko da an ɗiba, ba jikinta zai je ba. Ashe ba abin da yake da shi, ciki da waje, da yarinyar nan take bukata. Karo na farko cikin wata uku ya tuna wani lungu a bayan tasha, da sanyin kwalba a tafin hannu, har maƙoshinsa ya motsa. Ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, in ma za a kira ta addu'a, don faɗa ne. Ya ce, Ubangiji, na zo da dauɗa ka kore ni, ban yi musu ba. Na wanke na zo, ka sake kora ta. Ba ni da wani abin kuma. Ni dai 'yata nake so in gani.

Yana nan a sunkuye ya ga silifas ɗin matarsa sun tsaya a gabansa, ba su wuce ba.

"Baban Balbela, tashi."

Ya ɗago yana neman mugun labari a fuskarta, sai ya tarar da fushi, fushi kuwa irin na wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Ta ce tun daren Talata yarinyar nan ba ta sa komai a cikinta ba. Kawu ne, da shegen bakinsa, ya shigo yana ba da labarin azumi a gabanta kamar abin dariya, ita kuwa ta naɗe a ranta. Washegari aka kawo abinci ta juya wa bango fuska, wai ita ma azumi take. An lallashe ta, an yi mata faɗa, likita da kansa ya zauna a bakin gado ya ce Allah bai ɗora wa mara lafiya azumi ba, kuma maganin nan ba ya son cikin da ba kowa. Ta ce ita sai Baba ya ci za ta ci, kuma sai ta gani da idonta, don Kawu ba abin yarda ba ne. Matar ta ce taurin kan nan dai kowa ya san inda aka gado shi.

"Ban ba da jinin ba," ya ce. "Sun ƙi karɓa."

"Wa ya tambaye ka jini? Je ka wanke hannu."

Ya wanke a famfon bakin ƙofa, ya sake wankewa, sai da ta ce ya isa haka. Ya bi bayanta, hula a hannu, ta tsakanin gadaje da uwayen da suka bi shi da kallo. Gadon na kusa da taga ne. Jar ledar ya fara gani, tana ɗiga a hankali ta cikin siririn roba. Sannan ya ga kan. Ƙarami ne, sumul, har jijiyoyi sun fito a gefen kunne, idanun kuma sun yi wa fuskar yawa. Duk maganar da ya tsara a ƙasan shago ta gudu. Ya rage tsawo a hankali, yana kaffa-kaffa da ƙarfen da ke gefensa, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tata.

"Baba, ka rame," ta ce. Muryar a dushe take saboda ƙurajen.

"Ke ma, Balbela."

"Kawu ya ce kana azumi don a bar ka ka ba ni jini. An bar ka?"

Ya girgiza kai.

"Ni kuma na ce wa Yesu a bar ka ka shigo." Ta dubi ƙofar, ta dawo da ido kansa, gefen bakinta ya ɗan motsa. "Nawa ne ya karɓu."

Ya kifa goshinsa a bakin katifa, kafaɗunsa suna rawa. Ya ji 'yan yatsunta a kan wuyansa, marasa nauyi, suna bubbuga shi yadda ake yi wa jariri. Hannu rabbana ya shigo ɗakin nan, ba jini, ba komai, ga shi kuma ana lallashinsa.

Matarsa ta ce tunda ya karɓu sai a buɗe baki, kuma duk wanda ya sake yi mata azumi a gidan nan ba da saninta ba zai gamu da ita. Ta zuba shayi a kofi, ta marmasa burodi a ciki har ya yi laushi, ta miƙa masa da cokali. Ya tuna alkawarinsa, ya dubi ledar baƙon da ke ɗiga a jikin 'yarsa, ya karɓi kofin. Ya rufe ido zai sa albarka, bai iya wuce "Ya Uba, mun gode" ba, matarsa ta ce amin ta ƙarasa masa.

Balbela ta ce shi zai fara. Ya kai cokali baki, ta zuba wa maƙoshinsa ido har ta ga ya haɗiye, ta ce ya ƙara, ya ƙara. Sannan ya karɓi cokali mai tsabta, ya ɗebo kaɗan, ya hura. Ta buɗe baki da ƙyar, ta runtse ido don zafin ƙurajen, ta daɗe tana juya shi kafin ya wuce. Ta huta, ta sake buɗewa.

Matarsa ta ɗauke jakarta daga kan kujerar da ke gefen gadon, ta turo masa ita da ƙafa. Ta ce ya zauna sosai, yarinyar nan a hankali take ci, za su daɗe.